Dutse Yana Amai, Riga Tana Ɓarkewa

A watan Maris ba mai kwana a ɗaki a Vittin sai wanda ya rasa yadda zai yi. Da an sallame isha'i sai ka ga ana fito da tabarmi da katifu tsakar gida, domin kwanon rufi ya wuni yana shan rana, dare na yi kuma ya shiga juye wa mutanen ɗaki abin da ya sha. A irin wannan dare ne, cikin 2021, wani saurayi Basine da nake koya wa Turanci ya buɗe littafin rubutunsa a kan bencin ƙofar gidana, ya ɗora yatsa a kan wata kalma da na soke da jan biro.

Lokacin ana cikin aikin gadar sama ta tsakiyar Tamale, wadda kamfanin Sinohydro ya gina aka buɗe ta a Maris na 2022, don haka ganin Basine a kasuwar Aboabo ya daina sa mutane waiwaye. Ɗalibin nawa yakan zo sau biyu a mako. So ya yi ya rubuta cewa cutar korona ta ɓarke a duniya, sai ya ɗauko kalmar “eruption”. Ni kuma na soke, na sa masa “outbreak”.

“Malam, mene ne laifinta?” in ji shi. “Mu a wurinmu kalma ɗaya ce. Dutse baofa, yaƙi baofa, cuta ma baofa.”

Na ba shi amsa irin ta aji. Na ce Bature ya ware wa dutse “erupt”, ya bar wa yaƙi da gobara da cuta “break out”, wadda daga gare ta aka sami “outbreak”. Tarzoma ita kowace riga aka ba ta sawa take yi. Likita kuma, in ƙuraje sun feso wa yaro ko haƙori ya tsago dasashi, “eruption” zai rubuta a takarda. Ya kwafe duka, ya yi godiya, ya hau babur ɗinsa. Ni aka bari na kwana da tambayar.

In aka bi salsala, yaron bai kauce wa ma'ana ba. “Erupt” daga harshen Latin ta fito, gaɓa biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin waje, ɗaya tana nufin fasawa. “Outbreak” ma haka take, waje da fasawa, sai dai ita haifaffiyar gida ce, waccan kuwa baƙuwa ce da ta zo ta zauna. A ma'ana, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Al'adar masu harshen ce ta raba musu gado, ta ba wannan dutse, ta ba waccan asibiti da fagen fama.

Da ya dawo ranar Alhamis sai ya zo mini da nasa gyaran. Ya ce ashe su ma a baki ne kalmar take ɗaya, a rubuce biyu ce. Ya zana mini alamomin a bayan littafi. Kusan iri ɗaya ne, sai dai an jingina wa ɗaya 'yar alamar wuta a gefen hagu. Mai wutar ita ake rubuta wa dutse da yaƙi da juyin juya hali, marar wutar ita ce ta ambaliya da annoba. Wato Sinawa sun sa yaƙi ɗaki ɗaya da dutse, suka sa cuta ɗaki ɗaya da ruwa, alhali Turawa yaƙi da cuta suka haɗa, suka bar dutse a gefe. Sannan ya ɗago kai ya ce, “To Malam, ku fa? Yaya ake cewa da Hausa?”

Na buɗe baki zan ba shi kalma ɗaya, sai suka taso mini kamar fara. Gobara tashi take yi. Faɗa yakan kaure, in ya yi nisa ya rincaɓe. Ruwan sama kecewa yake yi, madatsa kuma ta ɓalle. Mutum yakan fashe da kuka, ya tuntsire da dariya. Cuta takan fara ɓulla, daga baya ta ɓarke, yaƙi ma ɓarkewa yake yi. Dutse kuwa, shi kaɗai a cikinsu, amai yake yi.

Ba mu da dutse mai rai a ƙasar Hausa, babu shi kuma a Gana. Tafkin Bosumtwi na kusa da Kumasi, wanda zagayensa ke sa wasu zaton bakin tsohon dutsen wuta ne, ramin wani dutse ne da ya faɗo daga sama shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce. A tudun Biu da na Jos akwai tsofaffin da suka taɓa yin aman, har ruwa ya taru a bakin ɗaya ya zama tafkin Tila, amma sun daɗe da yin shiru. Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, tafiya ce mai nisa daga Kano balle daga Tamale. Ke nan a rediyo da littafin makaranta Bahaushe ya haɗu da wannan halitta, kuma dole ya raɗa mata suna bai gan ta ba.

Sinawa sun ce “huoshan”, dutsen wuta, suka tsaya nan. Turawa sun samo “volcano” daga sunan Vulcan, abin bautar Rumawa na wuta da ƙira, wato maƙeri suka hango a cikin dutsen yana zuga. Bahaushen da ya fara cewa “dutse mai aman wuta” majinyaci ya hango, kuma a ganina ya fi su dacewa. Ba a yin amai da niyya. Ciki ne ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, ya yi ta juyi, zuciya ta yi ta tashi, har ya mayar. Bayanin masana bai yi nisa da wannan ba: narkakken dutse yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa da iska narke a cikinsa, kamar iskar da ke cikin kwalbar lemo. Yana tasowa sama, nauyin da ke danne shi yana raguwa, iskar tana neman hanya, har murfi ya gaza. Kafin nan ƙasa takan yi 'yar girgiza, gefen dutsen ya kumbura. Shi ma yana da nasa tashin zuciyar, masu na'ura suna jin sa.

Sai dai sunan namu yana da inda ya gaza. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke zaune a bakin wani tsohon dutse, ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Babu wuta, babu toka. Iska ce mai nauyi, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, ta gangara cikin kwari ta kore iskar shaƙa. Gari ya waye da gawar mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, cikinsu har da shanun Fulanin da ke kiwo a tuddan wurin. Mai fassara labarai a ranar ba shi da wutar da zai ambata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin da aka yi wa tafkin daga baya. A 2001 aka zura dogon bututu har ƙasansa, aka ƙara biyu a 2011, iskar tana fita kaɗan-kaɗan dare da rana. Da na karanta haka, kalmar da ta faɗo mini ita ce sakiya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiran wanzami ya san ta: kumburi ya nuna, a sa ƙarfe a wuta, a huda, mugunya ta fita kafin ta yi ɓarna a ciki.

Ita kuwa ɓarkewa, ba daga dutse muka samo ta ba, ba kuma daga wuta ba. Don in tabbatar da abin da nake zato, na je wurin wani dattijon tela da ke ɗinka batakari a kan hanyarmu.

“Baba, barka da aiki. Tambaya na zo da ita. Mene ne bambancin riga ta yage da riga ta ɓarke?”

Bai ɗago daga kan keken ba. “Malam, yagewa ai ƙusa ce ko ƙaya, daga waje take zuwa, ko'ina ta samu ta kama. Ɓarkewa kuwa a kan ɗinki take. Ko zare ya tsufa, ko mai rigar ya fi ƙarfinta. Kuma ba rana ɗaya take yi ba. Sai ɗinki ɗaya ya saki, mai riga ya gani ya ce gobe. Na biyu ya saki, ya ce jibi. Ran da ya ɗaga hannu a taron biki ta tafi tun daga hammata har ƙugu, sai ya zo mini yana cewa wai kwatsam ta ɓarke.”

Batakari riga ce da ɗinki ya yi wa yawa. Siraran ƙyallaye ne masu faɗin tafin hannu, masaƙa ke saƙa su a Daboya da Yendi da Gushegu, tela ya jera su gefe da gefe ya haɗa. Ƙyallen kansa da wuya ya ba da kai, in za ta ɓarke a mahaɗa take ɓarkewa. Arewacin Gana ma haka aka ɗinka shi: Dagwamba, Gwanjawa, Nanumba, Mamprusi, Konkomba, da mu 'yan zango da fataucin goro ya kawo kakanninmu Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa su garuruwa.

A farkon 1994 wasu mutum biyu, ɗan ƙabilar Konkomba da ɗan ƙabilar Nanumba, suka yi sa-in-sa a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama har ƙasar Yendi da ta Salaga. Gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci. Kafin ƙura ta lafa an rasa aƙalla mutum 2,000, an ƙona ƙauyuka fiye da 400, mutum fiye da 150,000 sun bar gidajensu, da yawa suka kwararo nan Tamale. Aka raɗa masa suna Yaƙin Zabo, kuma sunan ya bi shi har yau.

Ba na son wannan suna. Yana sa na nesa ya ɗauka mutanen arewa sun kashe juna a kan tsuntsu. Zabon ɗaga hannu ne kawai a taron biki, zaren ya daɗe da saki. Wa ke da ƙasa, wa ke noma ta a matsayin baƙo ko da a nan aka binne kakansa? Wa ke da babban sarkin da hukuma ta sani, wa ba shi da shi? An gwabza a kan wannan a ƙasar Nanumba a 1981. A 1993 shugabannin Konkomba suka kai takardar neman a ɗaga sarautarsu ta tsaya da ƙafarta, magana ta yi ta yawo, jita-jita tana cin kasuwa watanni kafin a ga zabon. Duk mai kunne ya ji ɗinki yana saki.

Nan ne kalmar take ba ni tsoro, duk da ina son ta. “Rikici ya ɓarke.” Duba jimlar da kyau, babu kowa a cikinta. Babu wanda ya sayo harsashi, babu wanda ya ajiye takardar koke a aljihun tebur, babu wanda ya kai gulma. Rikicin ne ya ɓarke don kansa. Turanci ma haka yake yi in ya ce tarzoma ta yi “erupt”, har ya fi mu, domin ya mai da mutane dutse ɗungurungum, dutse kuwa ba a kai shi gaban alƙali, ba a kuma zama da shi a sasanta. Tamu kalmar ta bar ƙofa a buɗe. Daga saiwarta aka sami “ɓaraka”, ɓaraka kuwa ko yaro ya san abin da ake yi mata, ɗinke ta ake yi. Zaman da aka yi ta yi a Kumasi har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 1996 aikin tela ne, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Haka na kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II, wanda ya sasanta rikicin sarautar Ya-Na, sarkin Dagwamba. Shekara kusan 17 aka yi tsakanin kisan Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi a Maris 2002 da naɗin Ya-Na Abukari II a Janairu 2019.

Amma ɓarkewar da ta fi kusa da tabarmar da nake kwana a kai a watan Maris ita ce ta sanƙarau. Mutanen nan CSM suke ce masa, haruffa uku da ba sa nuna wa uwa komai. Sunan Hausa kuwa hoton ciwon ne: wuya ya sanƙare, yaro ya kasa sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Mun iya raɗa wa cuta suna. Baƙon dauro ya faɗi lokacin zuwansa, amai da gudawa ta faɗi aikinta, sanƙarau ya faɗi alamar da za a duba da tsakar dare.

Tamale tana cikin zirin sanƙarau da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, wanda a yau ake auna shi daga Senegal, ya ratsa arewacin Gana da Maraɗi da Kano, har Habasha. A 1996 zirin ya ga annoba mafi muni da aka taɓa rubutawa, fiye da mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. Najeriya kaɗai ta binne fiye da 11,000. Tamu ta yi ƙarfi a ranin 1997, aka ƙirga fiye da mutum 18,000 da suka kamu a Gana, fiye da 1,300 suka rasu. Ɗaya daga cikinsu ƙanwata ce, shekararta tara. Da safe ta ce kanta yana ciwo, aka ba ta maganin zazzaɓi. Washegari da la'asar muna dawowa daga maƙabarta. A gidanmu kwatsam ne, kuma ba wanda ya isa ya gaya wa mahaifiyarmu cewa ba kwatsam ba ne.

A lissafin ƙasa kuwa maganar Baba tela ce. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron masu lafiya, wajen mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita bai sani ba, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa. Sai hunturu ya busa, ƙura da bushewar iska su tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, zafi ya biyo baya, ga mutane cunkushe a ɗaki guda, sannan ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ta kira a rediyo a kwana inda iska ke ratsawa. Ɗalibina ya gaya mini cewa Sinawa, kamar Turawa, sun kasa duwatsun wuta kashi uku: mai rai, mai barci, da matacce. Sanƙarau mai barci ne. Dutsen Pinatubo na Filifin ya yi barcin shekara wajen 500 kafin ya farka a 1991, namu barcin damina ɗaya yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa farkawar tasa ma'auni. In gunduma ta sami mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, a tashi tsaye. In sun kai 10, annoba ta tabbata. Ran da na fara ganin waɗannan lambobi biyu na gane ashe muna da su a baki tun tuni. Uku ita ce “ɓulla”, goma ita ce “ɓarke”. A tazarar da ke tsakaninsu ake ceton rai: a zuƙi ruwa daga gadon bayan majinyaci a kai ɗakin gwaji, a san irin ƙwayar, a nemo rigakafin da ya dace da ita. Don haka raina yakan ɓaci in na ji mai karanta labarai yana musanya kalmomin biyu kamar ɗaya suke. In aka kira kowace ɓulla ɓarkewa, kunne zai saba ya daina razana. In aka kira ɓarkewa ɓulla, an yaudari uwa ta ƙara kwana ɗaya da yaro a gida, kwana ɗaya kuwa shi ne duk abin da ƙanwata ta samu.

Kalmar “annoba” kanta, wadda muka aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'anar abin da ke zuwa bi da bi, wanda in ya tafi layinsa zai sake zagayowa. Rigakafin MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso a Disamba 2010 ya iso arewacin Gana a 2012, ya kusan shafe nau'in A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996 da 1997. Abin godiya ne babba, kuma yakan faranta mini rai cewa a Hausa abin da tela ke riƙewa da abin da ma'aikaciyar lafiya ke riƙewa sunansu ɗaya, allura. Sai dai ɗinke wannan mahaɗa bai hana wata saki ba. Nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, a 2020 kuma yankin Wa ya yi rashi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Daren ƙarshe da ɗalibina ya zo, kafin aiki ya mai da shi kudu, ya ce in koya masa furta kalmar. Ya yi ta cewa “barke”. Na ce ya ɗora yatsa a maƙoshina ya ji. Wannan harafi mai ƙugiya ba a turo iska waje wajen faɗarsa, maƙoshi ne ke sauka ƙasa kamar za a haɗiye sautin, sannan leɓe ya buɗe. Kalmar fashewa ce, amma da haɗiya take farawa. Ya gwada sau biyar bai samu ba. Na ce kada ya damu, yawancin 'yan zangon Gana ma sun daɗe da sakin ƙugiyar, a bakinsu “ɓarka” ta tufa da “barka” ta gaisuwa sun kusa zama ɗaya.

Ya tambaye ni ita barkar mece ce. Ina cikin yi masa bayani, cewa ita ake yi wa mai jego, da wanda ya dawo daga tafiya, da wanda ya tsallake rijiya da baya, sai iska ta taso daga gabas, ta kwaso ledoji da ƙura, aka fara jin ƙamshin ƙasa. Tsakiyar Afrilu ne. Mata suka shiga naɗe tabarmi, yara suka fito da bokitai da robobi suna jerawa ƙarƙashin indararo. Duk wanda ya yi rani a wannan ziri ya san in ruwa ya kama sauka, sanƙarau ya ɗauki hanyar komawa barci. Maƙwabciyata, wadda ita ma 1997 ta ɗauke mata ɗa, ta leƙo ta kan katanga da jiƙaƙƙen ɗankwali ta ce, “Malam, barkanmu da ruwa.” Ɗalibina ya matsa ƙarƙashin rumfa ya buɗe littafin, ya rubuta ta a ƙasan “outbreak”, feshin ruwa yana ɓata masa tawada.